Filin Amsa Tambayoyinku: Gatse da Zambo a Kan Masu Tinƙaho da Asali a Tsofaffin Littattafai

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan, dukansu daga Legas, sun haɗu a kan magana ɗaya, wato yadda marubutan ƙagaggun labarai na da suke fito da girman kan masu sarauta da masu ji da asali. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, na kuma jera su yadda amsar kowace za ta share wa mai bi mata hanya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Agege, ina koyar da adabin Turanci, kuma da yawa daga cikin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne. Mun karanta Pride and Prejudice na Jane Austen, amma da muka zo inda Elizabeth take mayar wa Lady Catherine magana, sai 'yan matan ajin suka ce Elizabeth ba ta da kunya, tunda dattijuwa ce mai daraja take yi mata magana, kuma a ganinsu ita kanta marubuciyar yabon dattijuwar take yi. Ta yaya zan fahimtar da su?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai ina roƙonki kada ki nuna wa 'yan matan nan cewa sun yi wauta, domin abin da ya fito daga bakinsu tarbiyya ce, kuma yarinyar da ta tashi a gidan da ake durƙusa wa manya dole ne gabanta ya faɗi idan ta ga budurwa tana musayar yawu da sa'ar uwarta. Abin da ya kuɓuce musu shi ne muryar marubuciyar. Gatse a bakinmu murya ce ke ɗauke da shi. Idan yaro ya fasa tulu, uwarsa ta dube shi ta ce masa sannu da aiki, ko ɗan shekara huɗu ya san ba gaisuwa aka yi masa ba, saboda ya ji yadda aka ja kalmar, ya kuma ga fuskar mai maganar. Takarda kuwa ba ta da murya, ba ta da fuska, ga shi kuma harshen ba nasu ba ne, shi ya sa suke ɗaukar kowace jimla yadda suka same ta.

Dabarar da na ga ta fi amfani ita ce a koya wa mai karatu ya riƙa ajiye abu biyu gefe da gefe: abin da aka faɗa game da mutum, da abin da aka ga mutumin yana aikatawa. Duk inda rata ta fito tsakanin biyun, to a nan marubucin ya ɓoye nufinsa. Jane Austen, wadda aka haifa a 1775 a gidan wani limamin coci a kudancin Ingila, ta fitar da littafin a 1813 ba tare da sunanta a bango ba, kuma ta san zaman manyan gidaje da idonta, tunda ɗan'uwanta ya gaji wani babban gida a yankin Kent, yankin da ta ajiye gidan Lady Catherine. Tun kafin mu ga matar mun riga mun ji labarinta daga bakin Mista Collins, limamin da ita ce ta ba shi cocin da yake cin abinci daga gare shi. Ki sa ɗalibanki su lissafa abin da yake yabawa a jikinta. Za su ga cewa adon bakin murhun ɗaki ɗaya ya ci fam 800, za su ga yana ƙirga tagogin gidan yana faɗin kuɗin da aka kashe wajen sa musu gilashi, za su kuma ga yana murna cewa ta taɓa taka gidansa har ta ba shi shawarar inda zai kafa kantoci. Tausayi ko ilimi ko adalci ba su shiga lissafin ba. Duk wanda ya taɓa jin maroƙin da ya rasa abin yabo a jikin ubangidansa ya koma yabon sirdin doki ya san abin da ake nufi.

Ranar da aka gayyaci Elizabeth cin abinci a gidan, Collins ya ce mata kada ta damu da kayan da za ta sa, domin uwargijiyarsa ta fi son a riƙa ganin bambanci tsakanin manya da na ƙasa. Da aka zauna, sai matar ta shiga yi wa baƙuwar titsiye: 'yan'uwanta mata nawa, kyawawa ne ko kuwa, wace irin karusa mahaifinta yake hawa, mene ne sunan gidan su mahaifiyarta, kuma ta yaya aka yi 'ya'ya mata biyar suka tashi ba malamar gida. A wani zaman kuma ta katse hirar mutane ta sanar da cewa mutane kaɗan ne a duk Ingila suka kai ta sanin daɗin kiɗa, kuma da a ce ta koyi kaɗa fiyano da ta zama gwana. Ba ta koya ba ke nan, amma ta riga ta ba kanta lambar yabo a kan abin da ba ta taɓa yi ba, har tana yi wa waɗanda suka koya gyara. Marubuciyar ba ta tsoma baki a nan ba, ta koma gefe ne ta bar matar ta tona kanta da bakinta, kuma wannan shi ne babban makamin irin wannan rubutu.

Akwai jimla ɗaya da nake so ki rubuta musu a allo. Austen ta ce duk sanda talakawan ƙauyen suka yi rigima, ko suka yi ƙorafi, ko talauci ya yi musu yawa, sai Lady Catherine ta fita ta yi musu faɗa har su shirya kuma su wadata. Ki tambaye su ko faɗa yana cika rumbu. Na taɓa karanta wannan wuri ga wasu mutane a wani zaure a nan Agege bayan sallar la'asar, ina juya shi zuwa Hausa, kuma da na zo kan jimlar sai na ja muryata yadda uwa take jan sannu da aiki. Wata dattijuwa mai sayar da abinci, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ita ce ta fara tuntsirewa da dariya, ta ce wannan matar a kowane gidan biki akwai ta. Kunnen da ɗalibanki suke buƙata suna da shi tun daga gida, karantawa da murya kawai za ki yi musu.

Game da rashin kunya kuwa, ki kai su babin da Lady Catherine ta yi tattaki har gidan su Elizabeth don ta tilasta mata alkawarin ba za ta auri Darcy, ɗan 'yar'uwarta, ba. Ta shiga gidan mutane ba gaisuwar kirki, ta kushe ɗakin da aka sauke ta, ta ci mutuncin dangin uwar yarinyar, ta kuma tafi tana cewa ba za ta aika wa uwar gaisuwa ba. Elizabeth ba ta zage ta ba ko sau ɗaya, iyakarta ta ce mahaifinta mutumin kirki ne mai daraja kamar Darcy, ta kuma ƙi yin alkawarin da ba hakkin matar ba ne ta nema. Su 'yan matan su yanke hukunci a kan wadda ta fara zubar da ladabi. Sannan ki nuna musu yadda reshe ya juye da mujiya: da matar ta je ta kai wa Darcy ƙarar taurin kan yarinyar, sai labarin ya zame masa shaida cewa har yanzu yana da rabo, ya koma ya sake neman aurenta, aka kuma yi. Wannan gatse ne na biyu, wanda ba a cikin jimla yake ba, a cikin yadda al'amura suke juyawa yake. Shi ma Darcy ya fara da irin wannan ciwo, tunda a neman aurensa na farko ya ɓata lokaci yana lissafa wa yarinyar ƙasƙancin danginta, sai dai shi da aka gaya masa gaskiya ya ji, ya gyara, innar tasa kuwa ba ta taɓa zaton akwai abin gyara a jikinta ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina sayar da albasa. Na sayi tsohon kwafin A Tale of Two Cities a wurin masu baza littattafai a Yaba, ina karantawa da dare. Na ga an ce wani babban mutum a Faransa sai mutum huɗu sun taru kafin ya sha cakulan ɗinsa na safe. Shin haka aka yi, ko ƙarya ce ta marubuci?

AMSA: Allah ya ba da kasuwa, Alhaji. Mutumin ƙagagge ne, amma ɗabi'ar ba ƙagaggiya ba ce. Charles Dickens ya fitar da littafin a 1859, shekara 70 bayan juyin juya halin Faransa na 1789, kuma abin da ya yi shi ne ya ɗauki gaskiya ya kambama ta don a gan ta da kyau. A fadar Versailles, tun zamanin Sarki Louis na 14, tashin sarki daga barci ma biki ne mai ƙa'ida, inda miƙa masa riga kawai daraja ce da manya suke gogayya a kanta. A wannan ƙasa kuma nauyin haraji a kan talaka ya fi sauka, domin masu asali an ɗauke musu babban harajin da manomi yake biya, ga kuma harajin gishiri da ya addabi mutane. Sai a daren 4 ga Agusta na 1789 majalisa ta soke irin waɗannan gatanci.

Ka sake duba yadda ya tsara maganar. Mutum na farko ya ɗauko tukunyar, na biyu ya burga, na uku ya miƙa adiko, na huɗu mai agogon zinariya biyu a aljihu ya zuba. Sai marubucin ya yi kamar ya yarda da ma'aunin mai gidan, ya ce da mutum uku ne suka yi aikin da an zubar wa gidan mutunci, da biyu ne kuwa da mutumin ya mutu. Ya ari bakin bafade ne, ya yi yabon har ya wuce gona da iri, don mai karatu ya ji wautar da kansa.

Abin da ya sa nake ganin babin nan yana cikin mafi ƙarfi a littafin shi ne abin da ya biyo baya a cikinsa. Wani mai sarauta daban, Marquis, kuma mutane da yawa sukan ɗauka mutum ɗaya ne da mai cakulan, ya fito daga taron da aka yi a gidan mai cakulan ɗin ransa a ɓace saboda ba a kula shi ba, karusarsa ta keta lungunan Faris a guje, ta take wani yaro kusa da wurin ɗiban ruwa. Da ya leƙo, sai ya yi ƙorafin cewa talakawa ba sa kula da 'ya'yansu, ya nuna damuwa ko dawakinsa sun ji rauni, ya kuma jefa wa uban yaron tsabar zinariya ɗaya. Mai karatun da ya yi dariya shafi kaɗan da suka wuce sai ya ji dariyar ta maƙale masa a wuya, domin ya gane cewa tunanin da ke buƙatar mutum huɗu a kan kofi ɗaya shi ne tunanin da ke yi wa ran ɗan talaka kuɗi. Hannun Dickens ya fi na Austen nauyi, wani lokaci ma yakan cika gishiri, amma a nan nauyin ya dace da laifin. Idan ka ci gaba za ka ga bai yabi ramuwar gayyar da ta biyo baya ba, ya nuna ta ne a matsayin wani zaluncin da na farko ya haifa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a jami'a a Akoka. Me ya sa waɗannan marubuta suke kewaye-kewaye maimakon su fito fili su faɗi laifin manya? Kuma mu Hausawa muna da irin wannan a adabinmu, ko sai a littattafan Turawa?

AMSA: Ɗana, amsar sashen farko tana cikin rayuwar Voltaire, marubucin nan na Faransa. A 1726 ya yi cacar baki da wani ɗan gidan Rohan, ɗaya daga cikin manyan gidajen Faransa, wanda ya yi masa gori a kan sunansa. Bayan 'yan kwanaki sai aka kira shi waje daga wurin cin abinci a gidan wani mai sarauta, barorin ɗan gidan Rohan suka lakaɗa masa duka, ubangidansu yana kallo daga cikin karusa. Manyan da suke jin daɗin hirarsa ba wanda ya tsaya masa, kuma da ya nemi ramuwa shi aka jefa a kurkukun Bastille, aka sake shi bisa sharaɗin ya bar ƙasar, ya tafi Ingila ya yi fiye da shekara biyu. Wanda ya ɗanɗana wannan ya san farashin magana a fili. Ko littafinsa Candide na 1759 bai sa masa sunansa ba, an buga shi ne kamar fassara ce daga Jamusanci, duk da haka hukumomi suka hana shi.

A farkon littafin ya gabatar da wani mai sarauta a yankin Westphalia na Jamus, ya ce yana cikin mafi ƙarfin manyan yankin saboda gidansa yana da ƙofa har da tagogi, matarsa kuma ana girmama ta ƙwarai saboda nauyin jikinta. Mahaifiyar Candide, jarumin labarin, wadda 'yar'uwar mai gidan ce, an ce ta ƙi auren mahaifinsa, mutumin kirki, saboda kakanni 71 kawai ya iya tabbatarwa masu asali ne, alhali gidan suna taƙama da 72. A zahiri akwai wuraren da ake neman mutum ya tabbatar da kakanni 16 kafin a karɓe shi cikin wasu ƙungiyoyin manya, sai Voltaire ya ja igiyar har ta kai inda kowa zai ga rashin ma'anarta. Mafi ciwo shi ne ƙarshen labarin: yaƙi ya rushe gidan, ɗan mai sarautar ya zama bawa mai tuƙa jirgin ruwa a ƙasar Turkiyya, Candide ya fanshe shi da kuɗinsa, 'yar mai sarautar kuma, wadda Candide yake so, wahala ta cinye kyawunta har ta koma wanke kwanukan wani, amma da aka zo maganar aurenta da Candide sai wan nata ya ce muddin yana raye ba za ta auri wanda bai kai su asali ba. Mutumin da ba shi da ko rigar kirki yana riƙe da lissafin kakanni. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da ya ce girman kai rawanin tsiya.

Tsoro ba shi kaɗai ne dalili ba. Mai girman kai yana da garkuwar da yake tare zagi, domin idan ka zage shi zai ce hassada ce, mutane kuma su tausaya masa. Amma idan aka bar shi ya yi magana, jama'a suka yi dariya, ba shi da wanda zai kai ƙara, tunda kalmominsa ne aka maimaita.

Sashe na biyu kuwa, mu ba baƙi ba ne a wannan fage, har ma kalmominmu sun rarrabe abin dalla-dalla. Gatse shi ne ka faɗi akasin abin da kake nufi. Habaici shi ne ka yi magana da wani ba ka ambaci sunansa ba, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Zambo ya fi fitowa fili, domin ana siffanta mutum ne da munanan kamanni ko halaye har a gane shi. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo sun ƙware a kansa, sai dai akwai bambancin da ya kamata ka riƙe: zambon fada yawanci yana sauka ne a kan 'yan sarki masu jiran gado da sauran abokan hamayyar sarki, wato makami ne a hannun mai mulki, alhali su Austen da Voltaire kan mai riƙe da darajar suka juya bakin bindigar. Namu da ke duban sama ya fi zama a tatsuniya, inda Gizo marar ƙarfi yake wasa da hankalin zaki da kura, da bakin wawan sarki, da wasannin tashe na watan azumi, inda yara suke kwaikwayon halayen manya kowa yana dariya. A rubutaccen adabi ka duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937: wazirin da ke ƙulla makirci don kwaɗayin gadon sarauta ya sha kaye a hannun aku, har tsuntsun ya gaje masa muƙami. Imam bai taɓa martabar sarki ba, amma ya nuna cewa rawani ba ya zuwa da hankali a cikinsa. Sa'adu Zungur kuwa, a waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, gargaɗi ya yi wa sarakuna kai tsaye, wannan kuma wata hanya ce daban.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne a Idi-Araba, kuma jikan gidan sarauta ne daga Arewa. Jikata takan karanta mini irin littattafan nan. Raina bai kwanta ba, domin ina ganin suna koya wa yara raina manya, kuma addininmu ya hana izgili.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Damuwarka tana kan hanya, kuma ba zan yi mata amsar sama-sama ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma duk wanda ya ɗauki littafi don ya koyi yadda zai wulaƙanta wani bawan Allah da yake raye, sananne, to ya ɗauki abin da zai cutar da shi. Sai dai a wannan sura, aya ta 13, an ce mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa, a Suratu Luƙman kuma an hana karkatar da kunci ga mutane da tafiya a ƙasa da taƙama, sannan hadisin da Muslim ya ruwaito ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. Mutanen cikin littattafan nan ƙagaggu ne, babu mai iyalin da za su ji kunya, kuma abin da ake harbi a jikinsu shi ne wannan hali da aka hana. Hukunci na malaman fiƙihu ne, ni dai abin da ke cikin littattafan nake bayyanawa.

Ina so jikarka ta karanta maka Persuasion, wanda ya fito a ƙarshen 1817, 'yan watanni bayan rasuwar Austen, domin a ganina shi ne zai fi kwantar maka da rai. An buɗe shi da Sir Walter Elliot, mutumin da ba ya buɗe kowane littafi don nishaɗi sai kundin da aka jera sunayen masu irin sarautarsa, kuma ko a nan ma shafin da sunansa yake shi ya fi so. Sarautar tasa, wadda ake kira baronet, tana ƙasan jerin sarautun gado na Ingila, kuma Sarki James na 1 ne ya ƙirƙiro ta a 1611 don tara kuɗi. Bashi ya ci shi saboda ya kasa rage facaka, har dole ta sa ya ba da gidan kakanninsa haya ya koma garin Bath. Yana ƙin aikin sojan ruwa saboda dalili biyu: yana ɗaga 'ya'yan da ba a san iyayensu ba, kuma iskar teku tana tsofar da fuska. To, wani babban hafsan sojan ruwa ne ya karɓi hayar gidan, kuma cikin gyaran da ya yi har da fitar da manyan madubai daga ɗakin shiryawar mai gidan, domin sun yi yawa har mutum ba ya iya kauce wa ganin kansa.

A Bath ne halin ya ƙara fitowa. Sir Walter, wanda ke ɗaga wa kowa hanci, ya shiga rawar jiki don ya samu shiga wurin wata 'yar'uwarsa ta nesa wadda sarautarta ta fi tasa, a lokaci guda kuma yana yi wa 'yarsa Anne faɗa saboda tana zuwa duba tsohuwar ƙawarta, gwauruwa matalauciya marar lafiya. Mu da muke zaune a Legas mun san wannan yanayi, domin gari ne da ba ya tambayar sunan kakan mutum. Ɗan sarki da ɗan maƙeri layi ɗaya suke bi a tashar mota a Oshodi, kuma a nan ake gane wanda darajarsa take jikinsa da wanda ya baro ta a gida. Na ga jikokin sarakuna a unguwanninmu waɗanda su ne ake tasa da tsakar dare idan baƙo ya sauka ba masauki, ko gawa ta rasa mai kai ta gida, ba su taɓa buɗe baki sun ce su wane ne ba, mutane ne suke faɗi a bayansu.

Irin waɗannan Austen ba ta taɓa su ba, a cikin littafin ma tana tare da su. Mutumin da ya fi kowa nutsuwa da kamala a labarin ita ce Anne, jinin Sir Walter, 'yar gidan sarautar, wadda ta so a matse bakin aljihu a biya masu bin bashi hakkinsu, aka ƙi jin ta. Shekara takwas kafin nan an lallashe ta ta rabu da saurayinta Wentworth saboda ba shi da kuɗi ba shi da suna, ya dawo daga yaƙi da fam 25,000, uban kuma ya amince da auren saboda ya ga mutumin kyakkyawa ne kuma sunansa yana da daɗin faɗi, ya ɗauki alƙalami ya shigar da auren cikin kundin nan nasa. Wurin da nake so ka sa jikarka ta tsaya ta maimaita maka shi ne inda Anne ta koma ta ziyarci gidan da aka haife ta bayan baƙi sun tare a ciki. Tana son gidan, tana jin ciwon rabuwa da shi, amma da ta ga yadda 'yan hayar suke kula da matalautan yankin, sai ta yarda a ranta cewa gidan ya koma hannun da ya fi na masu shi.